Yadda za ka shiga gardamar asalin rana da duniyoyinta da hujja a hannunka

Gardamar nan ta yadda rana da duniyoyinta suka samu ba ta ƙarewa a nan Garwa, musamman in 'yan lise, wato sakandare, masu shirin jarrabawar bak sun haɗu da yayyensu na jami'ar Marwa ko Ngaundere a majalisar shayi lokacin hutu. Wannan ya ce ai daga jikin rana aka fizgo duniyoyin, wancan ya ce a'a gajimare ne ya dunƙule, na uku ya ce duk hasashe ne wa ya je ya gani, a ƙarshe a watse kowa da abin da ya zo da shi. Abin da ke damuna shi ne akwai hujja ɗaya da kowa zai iya lissafa ta da kansa, da kalkuletar waya da sikelin mai shago, amma ba a cika ɗauko ta ba. Ita ce dansite, wato nauyin abu in an raba shi da girman wurin da ya cika. Zan bi da ku mataki mataki yadda ake fito da ita da yadda ake karanta ta, har da wuraren da take ba da wahala, don in ka ɓoye su abokin gardama zai tono maka su a gaban jama'a.

Tun kafin a fara a faɗa wa kowa cewa ba maganar wa ya halitta ake ba, wannan mun san amsarta. Ana magana ne kan ta wace hanya abin ya bi. In ba a share wannan tun farko ba to minti biyar ya isa a juya zancen zuwa wani waje.

Mataki na farko, ka auna dutse da hannunka

Kar ka fara da sama, fara da ƙasa. Ka nemi ƙaramin sikeli mai lamba irin na masu sayar da kayan kek ko na 'yan zinariya, wanda ke nuna giram, da kofi, da zare, da ruwa. Ka samo dutse mai tauri kamar girman ƙwai ko ƙasa da haka, da babban noti ko guntun ƙarfe daga wajen mai gyaran moto. Ka guji marmara da duk dutse mai ramuka, yana shan ruwa yana riƙe iska, zai ɓata maka lissafi.

Ɗora dutsen a sikeli ka rubuta giram nawa ne. Sai ka sauke shi, ka ɗora kofin ruwa, ka danna sikelin ya koma sifili da kofin a kai. Yanzu ɗaure dutsen da zare ka zura shi a hankali har ruwa ya rufe shi ruf, amma kar ya taɓa gindin kofin ko gefensa, hannunka ne ke riƙe da shi. Lambar da sikelin ya nuna a wannan lokacin ita ce girman dutsen da santimita kub, saboda ruwan da dutsen ya ture shi ne ke danna sikelin, kuma giram ɗaya na ruwa santimita kub ɗaya ne. In hannunka na rawa lambar za ta yi ta tsalle, to ka ɗaure zaren a jikin sanda ka gitta ta kan kujeru biyu. Misali dutse ya ba ka giram 135 a busashe, a ruwa sikeli ya nuna 50, sai ka raba 135 da 50, ka samu 2.7. Notin ƙarfe zai ba ka wajen 7.8. Ruwa kansa 1 ne, ƙanƙara 0.92 shi ya sa take yawo a saman jarka.

Waɗannan lambobin ka rubuta su a saman shafin kaye, wato littafin rubutu, da manyan baƙi, su ne ma'auninka: ƙanƙara da ruwa wajen 1, dutse 2.7 zuwa 3.3, ƙarfe kusan 8. Duk abin da za mu yi gaba da su za mu gwada shi.

Mataki na biyu, lissafin duniyoyin

Asalin ƙa'idar ita ce girman ƙwallo daidai yake da 4/3 sau 3.14 sau rabin faɗinsa sau rabin faɗinsa sau rabin faɗinsa. Duniyarmu rabin faɗinta kilomita 6371 ne, nauyinta kuma kilo 5.97 da sifili-sifili har lamba 25 a jere, in ka raba za ka samu 5.51. Amma manyan lambobin nan suna sa yara kuskure, don haka ga hanya mai sauƙi. A ɗauki duniyarmu a matsayin 1 a nauyi, 1 a faɗi. Sai ka ɗauki nauyin kowace duniya ka raba da faɗinta sau faɗinta sau faɗinta, abin da ya fito ka ninka da 5.51. Shi ke nan.

Ga lambobin, nauyi da farko sannan faɗi:

Uɗarid, ta kusa da rana: 0.0553 da 0.383
Zuhura, wato Zara matar wata: 0.815 da 0.950
Marrik: 0.107 da 0.532
Mushtari: 317.8 da 10.97
Zuhal mai zobe: 95.2 da 9.14
Uranus: 14.5 da 3.98
Neptun: 17.1 da 3.86
Watanmu: 0.0123 da 0.273

Mu yi ɗaya tare. Mushtari, 10.97 sau 10.97 sau 10.97 ya ba da kusan 1320, wato duniyarmu 1320 za su shige cikinta. Amma nauyinta 317.8 ne kawai. Raba 317.8 da 1320 ka samu 0.24, ninka da 5.51, ya zama 1.33. Ka bar kowa a majalisar ya yi guda ɗaya a wayarsa, ya fi a ce kai kaɗai ka karanto musu, mutum ba ya musun lambar da ya fitar da yatsansa. In wayar a Faransanci take to waƙafi za ka sa a wurin ɗigo, na sha ganin an maƙale a nan ana cewa kalkuleta ta lalace.

Abin da ya kamata ku samu: Uɗarid 5.43, Zuhura 5.24, Duniya 5.51, Marrik 3.93, Mushtari 1.33, Zuhal 0.69, Uranus 1.27, Neptun 1.64, Wata 3.34. In an samu bambanci kaɗan a lamba ta ƙarshe ba komai.

Akwai tarko ɗaya a nan. Littattafai da yawa suna ba da faɗin Mushtari 11.2, na Zuhal 9.45. Wannan faɗin ƙugunsu ne, su kuma saboda saurin juyawa sun ɗan baje, Zuhal ma faɗinta ta ƙugu ya fi na sama zuwa ƙasa da kusan kashi 10 cikin ɗari. In ka yi amfani da na ƙugu za ka samu 1.25 da 0.62, sai wani ya ce lissafinka bai yi daidai da littafi ba. Matsakaicin faɗi ake ɗauka, shi ne na rubuta a sama.

Dole wani ya tambaya, to wa ya ɗora Mushtari a sikeli? Tambaya ce mai kyau, kar ka yi fushi. Amsar ita ce wataninta ne sikelin. In ka san nisan wata daga duniyar da yake zagayawa da kwana nawa yake ɗauka ya gama zagaye ɗaya, ƙa'idar Kepler da Newton tana ba ka nauyin duniyar, domin mai nauyi sosai tana sa watanta gudu sosai. Uɗarid da Zuhura ba su da wata, su sai da kumbo ya wuce ta kusa da su aka ga yadda suka karkatar da shi sannan aka samu lamba mai kyau, Mariner 2 ya wuce Zuhura a 1962, Mariner 10 ya wuce Uɗarid a 1974. Ita kuwa duniyarmu Henry Cavendish ne a Ingila ya auna dansitenta a 1798 da ƙwallayen darma a cikin ɗaki, ya samu wajen biyar da rabi, kusan abin da muke da shi yau.

Mataki na uku, jera su bisa nisa

Ja layi a kwance a kaye, ka sa nisan kowace daga rana. Nisanmu da rana kilomita miliyan 150 ne, a kira shi 1. To Uɗarid 0.39, Zuhura 0.72, Marrik 1.52, Mushtari 5.2, Zuhal 9.5, Uranus 19.2, Neptun 30. A tsaye ka sa dansite daga 0 zuwa 6, ka ɗiga kowace a wurinta. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba in ya kalli takardar zai ga gida biyu ne. Huɗu na ciki duk daga 3.9 zuwa 5.5, tsakanin dutse da ƙarfe. Huɗu na waje duk ƙasa da 1.7, ko kusa da dutse ba su kai ba. Kuma tsakanin Marrik da Mushtari akwai gangara mai zurfi. Ka ƙara Seres a 2.8, ita ce babba a cikin tarin duwatsun da ke yawo a wannan tsakanin, dansitenta 2.16, ta fi ƙanƙara ba ta kai dutse ba, daidai abin da za ka zata in an cakuɗa su biyun.

Wannan hoton shi ne abin da duk mai magana sai ya yi bayaninsa. Ka ajiye shi a tsakiyar tabarma.

Mataki na huɗu, ka san ɓangarorin biyu da kyau

Ɓangare na farko na gajimare ne. Immanuel Kant ya kawo shi a 1755, Laplace na Faransa ya sake kawo shi a 1796. Suka ce wani ƙaton gajimaren gas da ƙura ne ya dunƙule da ƙarfin jan kansa, yana ƙanƙancewa yana ƙara saurin juyi har ya baje ya zama faifai, rana a tsakiya, duniyoyi suka taru daga abin da ya rage a faifan. In kana so su ga yadda ƙanƙancewa ke ƙara gudu, sa yaro ya zauna a kujera mai juyawa da gorar ruwa cike a kowane hannu, ya miƙe hannuwa, a juya shi a hankali, sai ya janyo hannuwan ƙirjinsa. Zai ƙara sauri nan take ba wanda ya taɓa shi.

Ɓangare na biyu na fizge ne. Tun tsakiyar ƙarni na 18 Buffon ya ce tauraruwa mai wutsiya ce ta bugi rana ta fantsamo yanki. Daga baya Chamberlin da Moulton a Amurka wajen 1905, sannan James Jeans a Ingila wajen 1917, suka ce wata tauraruwa ce ta wuce kusa da rana ta janyo wani dogon harshe na gas daga jikinta, ya tsittsinke ya zama duniyoyi. Kar wanda ya raina wannan ra'ayi, manyan masana sun riƙe shi shekaru da dama, kuma suna da dalili mai ƙarfi da za mu zo kansa.

Yanzu ga kuskuren da na fi ji a bakin masu goyon bayan gajimare, kuma yana sa su faɗi gardamar da ya kamata su ci. Sai su ce ai kamar sheƙar gero ne, tsaba mai nauyi ta zube kusa, ƙaiƙayi iska ta kai shi nesa. Yana da daɗin ji amma ba haka ba ne. Ita ranar da ke tsakiya kusan dukkanta haidirojin ce da hiliyam, abubuwa mafi rashin nauyi da ake da su, dansitenta 1.41 ne kawai. In da nauyi ne ke jan abu tsakiya da rana ta zama dunƙulen ƙarfe. Sannan Mushtari da ake cewa ƙaiƙayi, abubuwa masu nauyi da ke cikinta sun ninka duk duniyarmu sau da yawa, gas ne dai ya lulluɓe su.

Abin da ya raba su zafi ne. Gajimaren kusan kashi 98 cikin ɗari haidirojin ne da hiliyam, waɗanda ba sa daskarewa ko ina a faifan. Ɗan ragowar ne ke iya zama ƙwayoyi masu tauri, kuma kowanne da zafin da yake daskarewa. Ƙarfe da ma'adinan dutse suna zama ƙwaya tun zafi na sama da digiri 1000. Ruwa kuwa a irin wannan wuri da iska ba ta da matsi sai sanyi ya wuce digiri 100 ƙasa da sifili kafin ya zama ƙanƙara. To kusa da rana ƙarfe da dutse ne kaɗai suka daskare, kuma su 'yan kaɗan ne, shi ya sa duniyoyin ciki ƙanana ne masu dansite babba. Daga wajen nisan 3 zuwa gaba, wurin da ake kira layin ƙanƙara, ruwa ma ya daskare, kuma ruwa yana da yawa a gajimaren, sai kayan gini suka ƙaru sosai. Dunƙulen da ya kai wajen nauyin duniyarmu goma sai ƙarfin jansa ya isa ya riƙe gas, ya yi ta zuƙa kafin gas ɗin faifan ya watse cikin 'yan miliyoyin shekaru. Mushtari da Zuhal sun samu sun zuƙa da yawa. Uranus da Neptun can nesa gini yana tafiya a hankali, ba su samu da yawa ba, shi ya sa yawancin jikinsu ruwa ne da amoniya da metan. Koma kan takardarka ka duba inda gangarar nan take, tsakanin 1.52 da 5.2, layin ƙanƙara yana cikinta. Wannan daidaituwar ita ce zuciyar hujjar gaba ɗaya.

Akwai shaida ta biyu da nake matuƙar so. Mushtari tana da manyan watanni huɗu da Galileo ya gani a 1610, ko da madubin hangen nesa na hannu biyu za ka gan su kamar ɗige-ɗige in ka jingina gwiwar hannu a bango kuma ba hazo. Daga na kusa da ita zuwa na nesa dansitensu 3.53, 3.01, 1.94, 1.83. Sunayensu a jere Io, Yuropa, Ganimid, Kalisto. Gangara iri ɗaya ce a ƙaramin gida, dutse a ciki, ƙanƙara a waje, kuma bayanin da aka fi dogara da shi shi ne Mushtari tana sabuwa tana da zafi da nata faifan.

Mataki na biyar, inda lambobin suka ƙi bin layi

Nan ne mai wayo zai kama ka, don haka kai ka fara kawo su.

Na farko zai ce in zafi ne ya jera su, me ya sa Duniya 5.51 ta fi Uɗarid 5.43 alhali Uɗarid ta fi kusa da rana? Amsar matsi ne. Duniya ta ninka Uɗarid nauyi sau 18, nauyin nata yana danne cikinta ya cushe shi. In an cire wannan matsin a lissafi, Duniya tana sauka zuwa tsakanin 4 da 4.5, Uɗarid kuwa da kyar take motsawa, wajen 5.3. Ga ɗan lissafi da za ka iya yi a gabansu. Ɗauki dutsen cikin ƙasa a 3.3, ƙarfe a 7.9. Cire 3.3 daga 5.3 ka samu 2, raba da 4.6 wato tazarar ƙarfe da dutse, ka samu 0.43. Kenan kusan kashi 43 na girman Uɗarid ƙarfe ne, a nauyi kuma wajen biyu cikin uku. Yi wa Duniya haka da 4.2 za ka samu wajen kashi 20 na girma, kusan ɗaya cikin uku a nauyi, kuma hakan ya yi daidai da abin da masu nazarin girgizar ƙasa suka gano game da ƙwayar ƙarfen da ke tsakiyarta. Lissafin gwaji ne, ba na dakin bincike ba, amma yana kai ka kusa ƙwarai.

Sai dai gyaran nan ya haifi wata matsalar. Ƙarfen Uɗarid ya yi yawa fiye da abin da zafi kaɗai zai bayar. Kumbon MESSENGER da ya zagaya ta daga 2011 zuwa 2015 ya nuna ƙwayar ƙarfenta ta kai wajen kashi 85 na rabin faɗinta, dutsen saman ɗan siriri ne. Wasu masana suna cewa wani ƙaton abu ne ya buge ta ya kwashe yawancin dutsen, wasu suna cewa tun a faifan ne ƙarfe ya fi taruwa a can. Kumbon ya kuma samu sulfur da potasiyam da yawa a samanta, abubuwan da zafi mai tsanani ya kamata ya kora, wannan ya wahalar da masu cewa rana ce ta ƙone dutsen. Har yanzu masana suna kan wannan gardamar, kuma ita ce ɗaya daga dalilan tura kumbon BepiColombo a 2018.

Na biyu Wata. Nisansa da rana ɗaya da namu, amma 3.34. Sa shi a lissafin nan na sama, 3.34 cire 3.3, kusan sifili, wato ƙarfensa ɗan mitsitsi ne. In tare suka taru da Duniya daga kaya iri ɗaya me ya hana shi ƙarfe? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne na Hartmann da Davis a 1975 da Cameron da Ward a 1976, cewa wata duniya mai girman Marrik ta bugi tamu bayan ƙarfenta ya riga ya nutse tsakiya, abin da ya fantsama sama dutsen saman ne, shi ya taru ya zama Wata. Duwatsun da 'yan sama jannatin Apollo suka kawo daga Wata sun yi kama da na Duniya sosai a sinadari. Ga wanda ke ganin karo a sama tatsuniya ce, a Chadi nan maƙwabta akwai ramin Aorounga da na Gweni-Fada a arewa, kowanne faɗinsa ya haura kilomita 10, duk duwatsun sama ne suka haƙa su. Kuma a 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, bincike ya nuna daga Marrik ya taso, wani karon ne ya cillo shi.

To ka ga darasin da ke nan ga mai gardama, dansite tana gaya maka da me aka gina duniya, amma zafin faifai ne ya zana babban tsarin, karo da haɗari suka yi ta gyara shi daga baya. In ka ce zafi ya bayyana komai, Wata kaɗai ya isa ya kayar da kai.

Mataki na shida, babbar hujjar masu fizge da yadda ake amsa ta

Rana tana ɗauke da kashi 99.86 na nauyin gidan gaba ɗaya, wato ita da duniyoyinta, amma ƙarfin juyin gidan kusan duk yana wajen duniyoyi, Mushtari kaɗai ta kwashi fiye da rabi. Ka tuna yaron kujera, abin da ya dunƙule tsakiya ya kamata ya fi kowa gudu, amma rana sai ta yi wajen kwana 25 kafin ta juya sau ɗaya a ƙugunta. Wannan ce ta sa aka yi watsi da Laplace na wani lokaci, kuma duk wanda ya kawo ta a majalisa a ba shi maki, ya yi karatu. Amsar da ake da ita yau ita ce maganaɗisun rana da iskar da take fesowa sun yi mata birki a hankali, kuma ana ganin taurari sababbi irin rana suna juyawa cikin 'yan kwanaki, tsofaffi kuma a hankali.

Sannan ka juya kansu da tambayoyi. Gas ɗin da aka fizgo daga cikin rana yana da zafin da zai sa ya watse kafin ya dunƙule, Lyman Spitzer ya nuna haka a 1939. Litiyam, wanda ke cikin batirin wayarka, zafin cikin rana yana lalata shi, rana ta rasa mafi yawan nata, amma Duniya da duwatsun sama suna da nasu, alamar kayanmu ba su taɓa shiga cikin rana ba. Taurari suna da nisa da juna ƙwarai har wucewar ɗaya ta gefen ɗaya abu ne da ba kasafai ba, to in haka ake samun duniyoyi da sun yi ƙaranci, amma zuwa 2022 an tabbatar da sama da 5000 a kewayen wasu taurari. Kuma a 2014 na'urar hangen nesa ta ALMA da ke ƙasar Chile ta ɗauko hoton wata sabuwar tauraruwa, HL Tauri, da faifanta da zobba da gibi a tsakaninsu. Ka sauke hoton a waya tun a gida kafin ka fito, kar netwok ya ba ka kunya. Sai ka tambaye su kai tsaye, harshen gas ɗaya daga jiki ɗaya, ta yaya ya ba da 5.4 a wannan bakin da 0.69 a tsakiya, kuma ya maimaita irin wannan gangara a watannin Mushtari?

In an tambayi shekaru, daga duwatsun sama ake samu. Wanda ya faɗo a Allende ta Meziko a 1969 yana da wasu fararen ɗigo masu kalsiyam da alminiyam, su ne irin abin da ke fara daskarewa a zafi mafi tsanani, kuma awon irinsu ya ba da shekara biliyan 4.567.

Kar ka tashi ba ka faɗi wannan ba, don gaskiya ce kuma wani zai iya sani. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano 51 Pegasi b, ƙatuwar duniyar gas da ke zagaya tauraruwarta cikin kwana huɗu da ɗan abu, ta fi Uɗarid kusa da wuta nesa ba kusa ba, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. Bisa layin ƙanƙara bai kamata a same ta a wurin ba. Abin da aka fahimta shi ne duniyoyi suna ƙaura, ana gina su a wani nisa su gangaro ciki ko su fita waje saboda jan faifan da jan junansu. Har namu gidan ana ganin ya yi haka, tsarin da masana suka fitar a birnin Nis na Faransa a 2005 ya ce Uranus da Neptun sun fi kusa da rana da farko kafin a tura su waje. Don haka in kana nuna takardarka ka ce dansite tana nuna yankin da aka gina duniya, ciki ko wajen layin ƙanƙara, kar ka rantse cewa a daidai inda take yau aka gina ta.

Wajen zaman kansa, a ba kowane ɓangare minti biyar, a sa mutum ɗaya ya riƙe kaye yana rubuta lambar da kowa ya kawo, duk maganar da ba ta taɓa wata lamba a takardar ko wani abu da aka auna ba a ajiye ta gefe. In an gama sai mai riƙe da kayen ya jefa musu Neptun, su duka biyun. Ta fi Uranus nisa amma 1.64 take, Uranus 1.27. Ta fi ta nauyi, 17.1 da 14.5, amma ta fi ta ƙanƙanta. Wani ɓangare na amsar matsi ne irin wanda muka gani tsakanin Duniya da Uɗarid, wani ɓangaren kuma Uranus ta fi ta kason gas, kuma a wasu lissafe-lissafen ƙaurar nan ma su biyun musanya wuri suka yi. Kumbo ɗaya tak ya taɓa ziyartarsu, Voyager 2, Uranus a 1986, Neptun a 1989, wucewa kawai ya yi bai tsaya ba, don haka yawancin abin da ake faɗa kan cikinsu daga irin lambobin nan biyu ne da kuka raba a waya, nauyi da faɗi.